Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Jami'in Ilimi Na Jihar Kalifoniya Kan Lissafin Sakandare

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi ne a ɗaya daga cikin kwalejojin al'umma na wannan jiha, kuma uba ne mai yara a makarantun gwamnati. Na rubuto maka ne a kan giɓin da ke tsakanin abin da jiha ke nema a wurin ɗalibi kafin ta ba shi takardar kammala sakandare, da abin da jami'a ko wurin koyon sana'a zai nema a wurinsa da zarar ya fito da takardar a hannu.

Dokar ilimi ta Kalifoniya ta ce shekara 2 na lissafi sun wadatar a ba yaro takarda, muddin ya yi Aljabara ta Ɗaya. Amma manyan jami'o'in gwamnati na jihar, wato UC da CSU, ba sa duban takardun ɗalibi sai ya cika sharuɗɗan da ake kira A-G, waɗanda suka haɗa da shekara 3 na lissafi, da ilimin siffofi da Aljabara ta Biyu a ciki, kowanne da sakamakon da bai gaza C ba. Har suna ƙara ba da shawarar a yi shekara ta huɗu. Ke nan yaro zai iya bin duk abin da aka ce masa, ya ci kowane darasi, iyayensa su zo bikin yaye ɗalibai suna murna, alhali bai ma cancanci cike fom ɗin jami'ar jiharsa ba. Kusan rabin waɗanda ke gama sakandare a jihar nan ba su cika A-G ba. Jiha ɗaya, kuɗin haraji ɗaya, amma ma'auni biyu.

Tun 2010 Kalifoniya ta karɓi ƙa'idojin bai-ɗaya na Common Core, waɗanda aka rubuta da alƙawarin cewa wanda ya gama sakandare zai fito a shirye, ko ya nufi jami'a ko ya nufi aiki. Ƙa'idojin ba su da laifi a kan takarda. Sai dai an tsara su ne bisa zaton ɗalibi zai yi aƙalla shekara 3 yana koyonsu, mu kuwa muka bar masa ƙofar fita bayan shekara 2.

A da, akwai abin da ke tare wanda ya faɗa wannan giɓin, wato azuzuwan share fage, inda jami'a ko kwaleji ke sake koya wa sabon ɗalibi abin da ya rasa a sakandare. Yanzu kusan babu su. A 2017 jami'ar CSU ta soke jarrabawar tantance matsayi da azuzuwan share fagen da ba sa shiga lissafin digiri. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan dokar AB 705, wadda ta wajabta wa kwalejojin al'umma su dubi sakamakon sakandare wajen ajiye ɗalibi a aji, sai AB 1705 ta zo a 2022 ta ƙara ɗaure ta. Ina goyon bayan manufar waɗannan dokoki, kuma ba na fatan a koma baya. Tsohon tsarin yakan jera wa ɗalibi aji biyu ko uku kafin ya taɓa darasin da zai amfane shi, a kowane mataki wasu na zubewa saboda kuɗi da aiki da gajiya, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi zubewa. Amma da aka cire wannan matattara, nauyin duka ya koma kan sakandare, sakandare kuwa ba a sauya mata sharaɗi ba. Haka kuma tun 2021 jami'ar UC ta daina duban sakamakon jarrabawowin shiga jami'a na SAT da ACT wajen ɗaukar ɗalibai. Darussan da yaro ya yi daga aji 9 zuwa aji 12, wato shekaru huɗun sakandare, sun zama kusan su ne komai.

Bari in gaya maka abin da ke zuwa gabanmu a makon farko na kowane zango. Ɗalibar da ke son zama ma'aikaciyar jinya, mai hazaƙa, mai zuwa aji a kan lokaci, amma rabonta da lissafi tun aji 10. Ta tsaya cak a kan raba kashi da kashi. Ɗalibin da ya san a haddace cewa idan aka ninka ragi da ragi ana samun ƙari, amma bai san dalili ba, saboda haka da tambaya ta ɗan sauya fuska sai ya ruɗe. Wani ya kalli jadawali mai layi ya kasa faɗin abin da gangaren layin ke nufi. Waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne. Lissafi abu ne da ke tsatsa idan aka ajiye shi, su kuwa an ba su izinin ajiye shi na shekara biyu cur, daidai lokacin da ya kamata su fi riƙe shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke ɗora laifin a kansu. Sai ka ji yarinya ta ce ita dama ba ta da kan lissafi, ta janye daga darasin, daga nan ta janye daga burin jinyar baki ɗaya.

Akwai masu cewa ai ba kowa ne zai je jami'a ba, me zai sa a wahalar da mai son sana'a? Wannan magana ba ta san sana'a ba. Shirin koyon aikin lantarki na ƙungiyar ƙwadago ta IBEW yana neman shekara guda ta aljabara da sakamakon ci, sannan ga jarrabawar shiga mai ɗauke da aljabara. Wanda zai auna ƙarfin wuta da juriyar waya dole ya iya juya ƙa'ida ya fitar da abin da ba a sani ba. Mai walda da mai haɗa bututu kullum suna fama da kusurwa da kason inci. Ma'aikaciyar jinya da ke lissafa yawan maganin da ya dace da nauyin jariri ba ta da damar kuskuren ɗigo ɗaya. Kuma duk wanda zai ci bashin mota ko na karatu yana bukatar sanin yadda ruwan bashi ke hawa kan ruwa, wanda darasi ne da ke cikin Aljabara ta Biyu.

Na san ka ga rigimar da aka sha a kan darussan nazarin bayanai. An ɗauki wasu shekaru ana karɓarsu a madadin Aljabara ta Biyu, har zuwa watan Yulin 2023, watan da aka amince da sabon jagoran koyar da lissafi na jiha, lokacin da kwamitin malaman UC mai kula da sharuɗɗan shiga ya janye wannan dama. Ra'ayina a nan a fili yake. Ƙididdiga da nazarin bayanai ilimi ne na gaske, kuma ga mai son aikin jarida ko shari'a ko kiwon lafiya sun fi kalkulas amfani. Amma wurinsu bayan an gama tushe ne. Yaro mai shekara 15 bai san ko zai so injiniyanci yana da shekara 19 ba, kuma idan ya tsallake Aljabara ta Biyu, an yanke masa hukunci ba da saninsa ba. A makarantun masu hali iyaye sun san wannan, ba sa barin 'ya'yansu su bi gajeriyar hanya. 'Ya'yan wasu ne ake turawa can.

Hana kowa gaba don a daidaita ma ba mafita ba ce. San Faransisko ta cire aljabara daga aji 8 a 2014, masu kuɗi suka biya wa 'ya'yansu darasi a waje, kuma a watan Maris na 2024 masu zaɓe suka nemi a mayar da ita da gagarumin rinjaye.

Abin da nake roƙo shi ne ka ja ragamar neman majalisar dokoki ta mayar da shekara 3 na lissafi, har zuwa matsayin Aljabara ta Biyu, su zama hanyar da ake sa kowane ɗalibi a kai tun ranar da ya shiga aji 9. Wanda zai sauka daga kanta, sai an zauna da iyayensa, an bayyana musu a harshen da suke ji ƙofofin da za su rufe, sun sa hannu. Wannan ya fi shafar iyayen da suka zo daga wasu ƙasashe, waɗanda ke ɗauka cewa idan katin sakamako ya ce yaro ya ci, to jami'a ta buɗe masa. A aji 12 kuma kada a bar kowa babu lissafi: mai son kimiyya ya yi shirin kalkulas, wani ya yi ƙididdiga, wani ya yi lissafin sana'a da aka tsara tare da masu horar da ma'aikata.

Ban manta da matsalar malamai ba. CSU ta taɓa kawo shawarar ƙara shekara ta huɗu ta lissafi ko darasi makamancinsa a sharuɗɗanta a 2019, daga baya ta ajiye ta, kuma cikin manyan dalilan masu adawa akwai fargabar cewa makarantun karkara da na unguwannin talakawa ba su da isassun malaman da za su koyar. Fargabar gaskiya ce. Los Anjeles ta sa A-G cikin sharuɗɗan kammala sakandare tun 2005, amma da ta ga yara da yawa za su rasa takarda sai ta yarda da sakamakon D, wanda jami'a ba ta karɓa. Darasin da ke nan shi ne doka ita kaɗai ba ta koyar da kowa komai. Tun ran gini ake zane: kuɗin ya kamata ya fara sauka ne a aji 5 zuwa 8, inda ake koyon kashi da gwargwado, da kuma wajen riƙe malaman lissafi a makarantun da suka fi rasa su.

Yallaɓai, kujerarka ta ba ka abin da kaɗan ne ke da shi. Kai ne ke shugabantar ma'aikatar da ke kula da makarantun sakandare, kuma bisa muƙaminka kana zama a majalisar gudanarwar UC da ta CSU. Masu rubuta sharaɗin fita da masu rubuta sharaɗin shiga duk kana zama da su. Ina roƙon ka haɗa su a teburi ɗaya, tare da kwalejojin al'umma da shirye-shiryen koyon sana'a, su fito da ma'auni guda. Kafin hakan ta samu, akwai abin da ma'aikatarka za ta iya yi ba tare da jiran majalisa ba: ta wallafa, makaranta bayan makaranta, adadin 'yan aji 12 da ba sa ɗaukar darasin lissafi ko ɗaya, a wurin da iyaye za su gani.

Na gode da sauraro.

Naka,
Malamin lissafi a kwalejin al'umma