Takardar Babbar Sallah zuwa gida, Tawa

Buruksel, ranar Sallar Layya

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana, Ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya. Idan rana ta yi sanyi ka tara su Baba da Inna ka karanta masu wannan takarda, don a waya zance ba ya ƙarewa, kafin in gama gaida wannan wancan ya karɓe. Ina gaida Baba da kyau. Ina gaida Inna, yaya ƙafar tata? A gaida Gwaggo da uwargidanka da yara gaba ɗaya. Ɗiyarku, maiɗakina, tana nan kusa da ni, ta ce a yi wa kowa barka.

Hoton ragon ya iso, kuma ka iya saye. Na san war haka an feɗe shi, an baje shi a kan itace, yara sun kewaye wuta suna jiran hanta. Mu nan ranar aiki ce. Masallacin unguwarmu ba ya ɗaukar jama'a, don haka kashi-kashi ake sallar Idi. Na samu kashin farko na wuce wurin aiki da babbar riga a cikin jaka. Naman da muka yi oda wurin mahauci sai jibi.

Na ji Inna ta tambaye ka ko asibiti muka je a watan jiya, ko kuwa wani namu ne ya rasu a wata ƙasa. Ka kwantar mata da hankali, lafiya lau muka tafi. Hutun shekara aka ba ni, ɗiyarku ta ce wannan karon ba za mu cinye shi a ɗaki muna kallon ruwan sama ta taga ba. Kuɗin tafiyar kuma daban muka tara su, ba su taɓa na rago ba, ba su taɓa na taki ba.

Garnaɗa muka je, can kudancin Sifaniya, ƙasar da littattafan malamai ke kira Andalus. Jirgi ya sauke mu Malaga, muka shiga kar. Tun daga hanya ba ka ganin komai sai itatuwan zaitun a jere, tudu bayan tudu. Garin yana gindin manyan duwatsu da ake kira Siyera Nebada, mafi tsawonsu ya kai mita 3,479. A watan Mayu muna zufa cikin gari, amma kan duwatsun fari fat da ƙanƙara. Ka riƙe zancen ƙanƙarar nan, don saboda ita na zauna rubuta doguwar takarda.

Garnaɗa ita ce masarautar Musulmi ta ƙarshe a ƙasar. Sarakunan Banu Nasr sun riƙe ta daga 1238 har ranar 2 ga Janairu 1492, da sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa makullai ga sarakunan Kirista, Fardinan da matarsa Izabela. Fadarsu, Alhamra, tana kan tudu sama da gari. Ba a shiga haka kawai: sai ka sayi tikiti tun da wuri, a rubuta maka lokacin shigarka, a ƙofa kuma a duba fasfo.

Daga waje ganuwa ce ja, ba ado. Daga ciki kuwa ba inda ido zai huta. Ƙasan bango fale-fale masu launi, an yanka su ƙanana an haɗa su taurari. Samansa farar ƙasa da aka sassaƙa da ganye da rubutu har rufi, rufin kuma katako ne da aka jera guntu-guntu. A tsakar gida guda akwai zakuna 12 na farin dutse ɗauke da kwanon ruwa, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su. Sarki Muhammadu na biyar ya gina wurin a ƙarni na 14. Jama'a maƙil, kowa da na'ura a kunne tana yi masa bayani. Ɗiyarku ko kallon na'urar ba ta yi ba. Ta tsaya gaban bango ta karanta da bakinta: wa la galiba illallah, wato babu mai rinjaye sai Allah. Ta matsa gaba ta sake samunsa, ta shiga wani ɗaki ga shi nan kuma, har da ayoyin Tabaraka a babban zauren sarki. Wata tsohuwar Baturiya ta riƙa bin ta tana nuna mata bango da yatsa don ta karanta mata. Ka faɗa wa Baba allon da ake tilasta wa yara da asuba ya yi rana a Turai. Waƙoƙin da ke jikin bangon dai sun fi ƙarfinmu, Larabcin fada ne.

Ni kuma, ka san ɗan mai garka, ƙasa nake kallo. Ruwa ko'ina. Yana gudu a ƙananan kwatoci cikin ɗakuna, yana kwance a tafki, a lambun sarki ma akwai matakala da ruwa ke gangarowa ta inda ake dafa hannu. Kuma duk wannan a kan tudu, a zamanin da babu inji babu moto-pompo. Sai na yi ta tambaya har na gane. Sarkinsu na farko, Ibn Ahmar, kafin ya ƙawata fada ruwa ya fara jawowa. Ya tare rafin Daro can sama, wajen kilomita 6 daga fadar, inda rafin ya fi tudun tsawo, ya haƙa magudana a gefen dutse tana saukowa sannu a hankali har ta shigo ta bisa. Nauyin ruwa kaɗai ke aikin. Akwai hasumiya a bakin ganuwar, an rataya mata ƙararrawa bayan Kirista sun karɓi garin, wadda aka daɗe ana kaɗawa da dare don manoman fadama su san lokacin da ruwa zai koma gonar wani.

Zancen abinci kuwa da sauƙi da wuya. Wuyar ita ce alade. Cinyoyinsa a rataye a kowane shago, kuma suna jefa shi har cikin wake, sai ka tambaya ka sake tambaya. Muka tsaya ga kifi da ganye, sai gidajen abincin 'yan Maroko da ke wani lungu mai hawa, cike da masu shayi. Al'adar garin, idan ka sayi abin sha, ko lemo ne, sai a kawo maka ɗan faranti na abinci kyauta. Ɗiyarku ta ɗauka kuskure aka yi, ta mayar da shi. Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne baƙin yalo da aka yanka siri-siri aka soya aka zuba masa ruwan mazarƙwaila. Akwai kuma kwaɗon lemu da busasshen kifi da albasa da zaitun, wanda ni na cinye ita ta ture. Miyar tumatir mai sanyi da ake sha a kofi ban ga abin yabo a cikinta ba. Albasarsu manya ce amma ba ta da yaji, ɗiyarku ta ce da an kawo masu ta Galmi buhu guda da sun san an yi albasa. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2 ko 3, na dare sai bayan 9.

Ran Juma'a muka hau tsohuwar unguwar Albaizin, mai fararen gidaje da lunguna matsattsu, da tsofaffin rijiyoyin tara ruwa a kan hanya. Masallacin yana can sama yana fuskantar Alhamra. A 2003 aka buɗe shi, bayan garin ya yi shekara wajen 500 ba a gina sabon masallaci a cikinsa ba. Sahun da na tsaya akwai 'yan Maroko da 'yan Senegal da 'yan ƙasar da suka musulunta. A cikin gari mun ga makarantar da Sarki Yusufu na farko ya gina a 1349, mihrabinta na nan. Ƙetaren lungu ɗaya kuma kabarin Fardinan da Izabela. Kusa da nan akwai dandalin da aka ƙone littattafan Larabci wajen 1500, yanzu mutane na zaune suna shan kofi. Ban daɗe a wurin ba. Ga wani abu da Malam zai so ji: wani mawaƙi ɗan garin nan, Abu Ishaƙ As-Sahili, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, a Tumbutu ya rasu. Ashe hanyar da yaranmu ke bi ta Agadas suna neman Turai, a da akwai masu bin irinta suna neman mu.

Ƙauye muka baro wa ƙarshe. Kar ta yi ta murɗawa da mu a jikin dutse har ɗiyarku ta rufe ido tana salati. Yankin sunansa Albusharat, muka ga ƙauyuka uku a jere sama da juna: Pampanaira, Bubiyon, Kapilaira. Gidajen soraye ne, an shimfiɗa azara an dora faifan dutse an dabe da yumɓu mai toka-toka, ga indararo. Nan Musulmin da suka rage suka yi tawaye a 1568, aka murƙushe su aka watsa su, daga 1609 kuma aka kore su daga ƙasar baki ɗaya. Aka kawo wasu mutane aka zaunar. Sababbin suka canja addinin wurin da harshensa, amma magudanan ruwa ba su taɓa ba, don in babu su babu abinci.

Ga yadda abin yake, Yaya, ka saurara da kyau. Damina tasu da sanyi take zuwa, lokacin zafi kuma sai a yi watanni ba ɗigo. Idan ƙanƙara ta fara narkewa ruwa ya yi yawa lokaci guda, ya gudu teku ba amfanin kowa. To sai su tare shi tun can sama, su bi da shi ta doguwar magudana a gefen dutse zuwa wuraren da suka san ƙasa na shan ruwa, su sake shi ya nutse. Ba gona a wurin, ba kowa, da gangan suke zubar da shi. Bayan wata biyu ko uku, daidai lokacin da rani ya tsananta, ruwan nan ya ɓullo a idanun ruwa da ke ƙasa kusa da ƙauyuka. Dutsen ne rumbunsu. An haura shekara dubu ana haka. Wani dattijo da muka tarar yana buɗe wa dankalinsa ruwa da fartanya ya nuna mini ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa. Da hannu da ɗan Faransanci muka fahimci juna. Kowane manomi da ranarsa da awoyinsa. Akwai mai kula da magudana da jama'a ke naɗawa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauko ana gayya a yashe ta, wanda bai fito ba ya aiko wani ko ya biya.

Ina tsaye a wurin ramukan tare ruwan sama na gonar Baba, tassa da rabin-wata, suka faɗo mini, da jerin duwatsun da mata suka yi ta ɗauka a kai a Keita tun 1984. Dabarar ɗaya ce, ka hana ruwa gudu ka sa ƙasa ta sha. Abin da suka fi mu shi ne ba su bar aikin ga mai gona shi kaɗai ba, kuma ba su jira furoje. Koramar da ke cin gefen garkarmu kowace damina ba mu kaɗai take ci ba, gonaki nawa ne a bakinta? Ina roƙon Baba, tunda gobe kowa zai shigo kawo nama da gaisuwa, ya taɓa zancen da maƙwabta. Idan sun yarda a yi gayyar jera dutse daga sama kafin ruwa ya zauna, ni na ɗauki kuɗin amalanke da na hura da goro. Ka bincika mini nawa ake ɗaukar amalanke yanzu, jikka nawa a yini.

An yi shuka kuwa, ko har yanzu ana duban gabas? Ka sanar da ni.

Ɗiyarku ta saya wa Inna man zaitun na shafa ƙafa da mayafi, Baba kuma carbi. Suna wurin wani ɗan Konni da zai sauka Yamai ƙarshen wata, zai sa su a kar, zan turo maka lambarsa. Barka da Sallar yara tana cikin kuɗin da na aiko shekaranjiya, a ba kowa a hannunsa, har da Auta ko da ta ce ta girma. Kuma ka shirya, in Allah Ya kawo ni da sanyi za mu ɗauki Baba mu je Yama mu ga masallacin nan na laka da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ɗiyarku ta ce ita ma da ita.

In an soya nama a ɗebar mana a gwangwani, mai zuwa ba ya ƙarewa.

Wassalam,
ƙanenka