Mota na rawa, a fara duba taya kafin a sauke injin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Kano, kuma ina roƙon fili in ja hankalin masu motoci kan wata asara da nake gani kullum. Mutum zai ji motarsa na karkarwa, a ce masa injin ne, ya tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ya kwaso kayan da babu ruwansu da matsalar.

Abin da nake fara tambayar direba shi ne: yaushe take rawar? In sitiyari ne ke kaɗawa daga gudun kilomita 80 zuwa 100, sai ya lafa in an rage, galibi tayoyin gaba ne ke neman balansin, wato daidaita nauyinsu, ko rim ya lanƙwashe a rami. In kujera ce ke girgiza, a leƙa na baya. Wani lokacin ma tayar ce ta kumbura, musamman irin na gwanjo da muke saye don sauƙi. Wasu lambobi huɗu da ke jere a gefenta na nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Direbobi nawa ne ke dubawa?

In sai an taka birki take rawa, faifan birki ne ya karkace. In sai an ba ta wuta, a duba shaf, wato ƙarfen da ke juya taya. Wadda ke karkarwa tana tsaye kuwa, fulogi ne ko robar da injin ke zaune a kai.

Ina kira ga 'yan'uwana makanikai su riƙa fita da motar kan titi tare da mai ita kafin su kama sifana.

Naku,
Wani bakanike daga Kano