Imran Khan, mutumin da ya tauna taura biyu

Zuwa ga Editan Sashen Wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina da ɗan ƙorafin da na daɗe ina haɗiyewa, yau dai na ce bari in amayar da shi.

Duk lokacin da labarin Pakistan ya shigo tasharku, na kotu ne ko na zanga-zanga, sai in ji mai karanta labarai ya ce "tsohon firaminista Imran Khan, wanda tsohon ɗan wasan kurket ne," ya wuce abinsa. Ba ƙarya ya yi ba. Amma kamar a ce maka Shago wani ne da ya ɗan taɓa dambe. Kwanan baya a majalisarmu wani dattijo ya tambaye ni, wai kurket ɗin nan ba shi ne wanda ake yi a kan doki ba? Na ce masa wancan folo ne. Muka yi dariya, amma na koma gida abin yana cina. Shekara da shekaru kuna kiran sunan mutum da sana'arsa, ba ku taɓa ware ko minti biyar kun faɗa wa masu sauraro mece ce sana'ar ba, balle irin matsayin da ya taka a cikinta.

Ni a makarantar kwana na san wasan, farkon shekarun 1980, lokacin da makarantun gwamnati na Arewa suke cike da malamai 'yan Pakistan da Indiya. Malaminmu na kimiyya mutumin Lahore ne, na lissafi kuma Ba'indiye. Da yamma su ne suke fitar da mu fili da wani tsohon ƙwallo ja da ɗinkinsa ya fara warwarewa. Ga yadda abin yake a taƙaice. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku-uku a ƙarshen wani tsirin ƙasa mai tsawon yadi 22. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo mai taurin tsiya, mai bugu kuma ya tsaya gaban turakun da katako mai kama da filafilin kwalekwale, ya kare su, ya make ƙwallon, ya tara maki. In ƙwallo ya kayar da turaku, ko aka cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba, mai bugu ya fita ke nan. Da an fitar da mutum goma sai a yi musanya. Babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa kwana biyar ake yi, kowane ɓangare yakan shiga bugu sau biyu, akwai kuma na yini guda.

Jifa sana'a ce daban, bugu ma sana'a ce daban. Akasarin 'yan wasa ɗaya suke riƙewa har su tsufa. Mai jifa yakan fito bugu a ƙarshen layi, a fitar da shi nan da nan, ba mai ganin laifinsa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To a kurket akan sami 'yan ƙalilan da suke tauna ta, wato wanda ko bai iya bugu ba za a ɗauke shi don jifarsa, ko bai iya jifa ba za a ɗauke shi don bugunsa. Kyaftin ɗin da ya sami irin wannan mutum tamkar da 'yan wasa goma sha biyu ya shiga fili. Imran Khan yana cikinsu, kuma a sahun gaba.

Bai fara da ƙafar dama ba. An haife shi a Lahore a 1952, a dangin da kurket ya zama gado: Javed Burki da Majid Khan, 'ya'yan 'yan'uwan mahaifiyarsa, duk sun yi wa Pakistan kyaftin. Ya fara buga wa ƙasarsa a Birmingham a 1971 yana da shekara 18, bai fitar da ko mutum ɗaya ba, maki biyar kacal ya samu. Sai da ya shekara uku kafin a sake kiransa. A tsakanin nan ya shiga Jami'ar Oxford, yana kuma buga wa ƙungiyar Worcestershire, daga baya ya koma Sussex. A Ingila ne ya sake salon jifarsa gaba ɗaya, daga mai matsakaicin sauri ya koma mai jifa kamar harsashi, da wani tsalle da yake dakawa dab da sakin ƙwallo wanda duk yaran makarantarmu sai da muka kwaikwaya, wasunmu har da targaɗe. A Sydney, cikin Janairun 1977, ya fitar da mutum 12 a wasa guda, Pakistan ta yi nasararta ta farko a ƙasar Ostireliya.

Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarshen 1982 zuwa farkon 1983, da Indiya ta je Pakistan wasanni shida. Malaman nan namu biyu teburinsu ɗaya a ɗakin malamai, rediyonsu ɗaya mai gajeren zango, an ɗaure eriyarta da waya zuwa ƙarfen taga. Ni ne ɗan aikensu, don haka nakan tsaya bakin ƙofa da tulin littattafai ina jin rediyo tana shuu tana dawowa. Imran ya fitar da mutum 40 a wasannin nan shida, Pakistan ta ci uku, Indiya ba ta ci ko ɗaya ba. A Faisalabad ya tara maki 117 da katako, ya juyo ya fitar da mutum 11 da jifa, duk a wasa ɗaya. Kafin shi, a wasan maza, Ian Botham na Ingila ne kaɗai ya taɓa haɗa maki ɗari a shiga bugu ɗaya da mutum goma a wasa guda. Makon nan malamin lissafi bai yi wa kowa murmushi ba, jarrabawar bazata kuwa mun sha ta har sau biyu.

Wannan jifar ce ta ci ƙafarsa. Ƙashin ƙwaurinsa ya tsage, ya yi kusan shekara biyu ba ya iya jifa. A nan amfanin taura ta biyun ya fito. Da mai jifa ne zalla, da sai zaman gida. Shi kuwa ya koma ya gyara bugunsa, ya zama mai haƙuri a gaban turaku, wanda za a iya dogara da shi in manya sun zube. Da ya warke ya dawo da duka biyun. A 1987 ya ja Pakistan ta ci jerin wasanni a Indiya karo na farko, aka ƙarƙare a Bangalore da ratar maki 16, a shekarar kuma ta yi irin wannan a Ingila, nan ma karo na farko. Ya yi ritaya bayan Ostireliya ta fitar da su daga Kofin Duniya a gabansu a Lahore, sai da shugaban ƙasa Janar Ziya'ul Haq ya roƙe shi ya dawo. Ya dawo ya kai su Karibiyan a 1988, wurin ƙungiyar West Indies da a lokacin kowa ke shakka, ya fitar da mutum 23 a wasa uku, aka tashi kowa ya ci ɗaya.

Malam Edita, ga alƙaluma don masu son lissafi. Wasan kwana biyar 88 ya buga, ya tara maki 3,807, ya fitar da mutum 362. Ma'aunin da masana suke bi mai sauƙi ne: a duba makin da mutum yake tarawa kafin a fitar da shi, a kwatanta da makin da ake ci a kansa kafin shi ya fitar da wani. In na farko ya ɗara na biyu, riba ce ga ƙungiya. Imran yana tara kusan 38, ana cin ƙasa da 23 a kansa. Zamaninsa kuwa ba na ragwaye ba ne, don a lokaci guda aka yi Botham, da Kapil Dev na Indiya, da Richard Hadlee na Niyu Zilan, kowannensu mai taura biyu. Duk su ukun sun fi shi yawan mutanen da suka fitar, Botham da Kapil sun fi shi yawan maki. Amma ba wanda ratarsa ta kai tasa a cikinsu. Ni dai a nan na tsaya, ko da yake na san malamin lissafinmu da yana kusa da sai mun kwana muna musu a kan Kapil.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba na so ku gabatar da shi haka. Akwai wata dabara da ya koya wurin Sarfraz Nawaz, abokin jifarsa a ƙungiyar Pakistan. A goge gefe ɗaya na ƙwallo a jikin wando har ya yi ƙyalli, shi ya sa za ka ga farin wandon mai jifa da jan tabo a cinya, a bar ɗaya gefen ya yi kaushi. In ƙwallo ya tsufa sai ya riƙa karkata a iska zuwa inda mai bugu bai zata ba. Wannan halas ne. Abin da ya haramta shi ne a karce ƙwallon da gangan, kuma a 1994 Imran da bakinsa ya amsa cewa ya taɓa sa murfin kwalba ya yi hakan a wani wasa a Ingila a 1981. Rigimar da ta biyo baya ta kai shi kotu a Landan a 1996, inda Botham da Allan Lamb suka yi ƙararsa kan ɓata suna, suka sha kaye. A ɗaya ɓangaren kuma, shi ne ya matsa aka gayyato alƙalan wasa daga waje su yi alƙalanci a Pakistan, 'yan Indiya a 1986, 'yan Ingila a 1989, don ya gaji da jin cewa alƙalan gida ne suke ba su nasara. Yau wannan tsari ya zama doka a wasan.

Sai 1992, wanda shi ne tushen duk abin da kuke karantawa a labarai yanzu. Yana da shekara 39, kafaɗarsa na ciwo. Cikin wasa biyar na farko a Kofin Duniya ɗaya kawai suka ci. A Adelaide Ingila ta zubar da su duka a kan maki 74, ruwan sama ne ya sauko aka tashi wasan aka ba kowa maki ɗaya a teburin gasa, kuma wannan maki ɗaya ne ya tsallakar da su daga baya. Kafin wasansu da Ostireliya ya fito da riga mai hoton damisa, ya ce yana so yaransa su yi faɗa irin na damisar da aka ritsa. Daga nan ba su sake faɗuwa ba. Ya nace sai an sa wani saurayi mai jiki, Inzamam-ul-Haq, wanda har lokacin bai taɓuka abin kirki ba, yaron ya tara 60 a jifa 37 ya kori Niyu Zilan a Auckland.

Wasan ƙarshe ranar Laraba ce, 25 ga Maris, cikin azumi. A Melbourne aka yi, gaban mutum fiye da dubu 87, da agogonmu kuma ya kama daga bayan sahur zuwa wajen azahar. Lokacin na zama malami ni ma, na ɓoye ƙaramar rediyo a aljihun tebur, ina fita aji ina komawa in ji inda aka kwana. Imran ya ɗauko kansa ya shiga bugu da wuri, ya tara 72, shi da Javed Miandad suka haɗa 139, Pakistan ta tashi da 249. Ingila ta fara farfaɗowa sai Wasim Akram ya kayar da turakun Lamb da na Chris Lewis a jifa biyu a jere. Mutum na ƙarshe, Richard Illingworth, Imran ne ya fitar da shi da hannunsa, kuma ita ce jifarsa ta ƙarshe wa ƙasarsa. Ratar maki 22 ce. Da aka miƙa masa makirfo, sai ya hau zancen asibitin ciwon daji da yake son ginawa don tunawa da mahaifiyarsa Shaukat Khanum, wadda cutar ta yi ajalinta a 1985, ya manta bai gode wa yaran da suka ɗauko masa kofin ba. An yi ta tsegumi a kai. Asibitin dai an buɗe shi a Lahore a ƙarshen 1994.

Ban shiga siyasar Pakistan ba, ba ƙasata ba ce. Amma wanda ya san fili zai fi gane labaranku. Kyaftin a kurket ba kamar na ƙwallon ƙafa ba ne mai ɗaura ƙyalle a hannu. Shi ke faɗin wa zai yi jifa, ina kowa zai tsaya, yaushe za a sallama bugu. Imran har zaɓen 'yan wasa ya riƙe. A wasansa na farko na kyaftin a 1982 ya ajiye Majid Khan, ɗan'uwansa kuma gwaninsa tun yana yaro, abin da ya ɓata zumuncinsu shekaru masu yawa. Waqar Younis kuwa a talabijin ya hango shi yana jifa ya ce a kawo shi. Mutumin da ya saba ya yanke shawara shi kaɗai kowa ya ce a'a, a ƙarshe ta yi kyau, ba abin mamaki ba ne in ya kafa jam'iyya a 1996, ya ci kujera ɗaya tak a 2002, ya ƙi haƙura har ya hau mulki a 2018. Ba abin mamaki ba ne kuma in sulhu da majalisa ya yi masa wuya. Ko alamar jam'iyyarsa katakon kurket ce, shi ya sa da aka ƙwace ta gab da zaɓen 2024 magoya bayansa suka ji kamar an cire musu suna. Kun ba da labarin ƙwacewar, amma ba ku faɗi abin da katakon yake nufi ba.

Roƙona kaɗan ne. Cikin shirin wasanni na mako, a rage mana minti biyar daga cinikin 'yan ƙwallon Turai a ba kurket. Ba baƙon wasa ba ne a nan. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan da maki biyu a Kofin Duniya a Malesiya, ni kuwa a waya na tsinci labarin. In matsalar kalmomin Hausa ce, ku aiko mini, in yi iya ƙoƙarina. Ƙwallon da malaminmu na kimiyya ya bar mini ranar da zai koma Lahore yana nan cikin akwatina, gefe ɗaya har yanzu da sauran ƙyalli, zan iya zuwa da shi ku gani.

Na gode. A gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro a kullum,
wani tsohon malamin makaranta,
daga Zariya.