Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni kan Uri Avnery

Ƙanena, assalamu alaikum.

A taron ɗaliban aikin jarida ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake yawan kafa misali da Uri Avnery, alhali Bayahude ne ɗan Isra'ila, ya ɗauki bindiga a yaƙin 1948 da ya raba Falasɗinawa da gidajensu, kuma ya mutu bai samo musu ko taku ɗaya na ƙasa ba. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar.

Duk abin da ka lissafa haka yake, har ma ka rage. A Jamus aka haife shi a 1923, iyayensa suka gudo da shi Falasɗinu a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Yana ɗan shekara 15 ya shiga Irgun, ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai wadda ta sha dasa bam a kasuwannin Larabawa. Ya bar ta bayan 'yan shekaru, amma a 1948 ya yi yaƙi a rundunar Givati har ya samu mummunan rauni. Ban zo wanke shi ba.

Abin da ya ja ni gare shi ya fara ne a 1950, da shi da abokansa suka sayi mujallar mako-mako Haolam Hazeh, ya riƙe ta shekara 40. Zagin maƙiyi ba ya ci wa ɗan jarida komai, tafi ma ake yi masa. Shi kuwa nasa ya sa a gaba, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1953 sojojin Isra'ila ƙarƙashin Ariel Sharon suka kashe mutum sama da 60 a ƙauyen Ƙibya, gwamnati ta ce ba sojoji ba ne, fusatattun mazauna kan iyaka ne. Avnery ya soki kisan, aka yi masa kwanton ɓauna aka karya masa hannuwa biyu. An sa wa ofishinsu bam, a 1975 aka daba masa wuƙa. Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ko sunan mujallar ba ya son kamawa. Kada ka ɗauka tsarkakakkiya ce: bangon bayanta tsegumi ne da hotunan 'yan mata rabi tsirara, da su ake jawo masu saye. Wannan ban taɓa yaba masa ba.

A watan Yulin 1982, sojojin ƙasarsa sun yi wa Beirut ƙawanya suna luguden wuta, ya tsallaka zuwa yammacin birnin ya zauna da Yasser Arafat, shugaban ƙungiyar kwatar 'yancin Falasɗinawa ta PLO, ido da ido. Ministoci suka nemi a gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa. Mahaifiyarsa ta cire sunansa daga wasiyyarta saboda wannan ziyara. Ka tsaya ka auna wannan, ƙanena, uwa ce fa. Wata rana kai ma labari zai zo teburinka da ya shafi garinku ko malaminku, 'yan gidanku su kira ka a waya.

Falasɗinawan da suka buɗe masa ƙofa sun fi shi ɗanɗana kuɗarsu. Sa'id Hammami, wakilin PLO a Landan, harbe shi aka yi a ofishinsa a 1978. Issam Sartawi, wani jami'in PLO, shi ma haka, a Fotugal a 1983. Ƙungiyar Abu Nidal, ta Falasɗinawan da suka ɓalle daga PLO, aka ɗora wa alhakin kisan duka biyun.

Batun me ya tsinana kuwa, a 1969 yana ɗan majalisar dokokin Isra'ila, Knesset, lokacin da Firaminista Golda Meir ta ce babu wata al'umma wai ita Falasɗinawa. Shi tun kafin nan yake kiran a kafa musu ƙasa. A 1986 Isra'ila ta yi dokar haramta ganawa da PLO, a 1993 aka soke ta, a shekarar Firaminista Rabin ya yi musabaha da Arafat kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Oslo. Ba shi kaɗai ya jawo haka ba, intifadar 1987, wato boren Falasɗinawa, ta fi kowane alƙalami tasiri. Oslo ta wargaje, matsugunan 'yan kama-wuri-zauna suka ci gaba da yaɗuwa. A 2003, yana da shekara 80, ya je Ramallah ya zauna a hedikwatar Arafat don kada a kashe Arafat ɗin.

Akwai inda Falasɗinawa da yawa suka raba gari da shi, kuma suna da hujja. Ƙasa biyu ya yarda da ita, Ƙudus babban birnin kowacce, bai amince dukan 'yan gudun hijira su koma garuruwansu ba. Ƙungiyarsa ta Gush Shalom kayan matsugunai kawai ta ce a ƙaurace wa, ba na Isra'ila duka ba.

Sharhinsa na mako-mako bai tsaya ba sai a watan Agustan 2018 da ya mutu yana da shekara 94, kuma akwai shi da Turanci a intanet. Ka nemo ka karanta, in mun haɗu ka nuna mini inda ka kama shi yana yi wa nasa rufa-rufa.

Wassalam,
Yayanka a wannan sana'a.