A Ceci Ganuwar Kufanmu Kafin Tifa Ta Gama Kwashe Ta

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku.

Gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Birnin Kudu, akwai wani kufai da ganuwar ƙasa ta kewaye shi kamar faifai, ga rami ya bi bayanta har ya haɗe. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya ce haka ya buɗi ido ya gan ta, shi ma nasa kakan bai san waɗanda suka gina ba. Muna yara nan muke kai awaki. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ƙasa ta tono mana tsingaro mai zane da kashin maƙera, mu cika aljihu, a gida a ce kayan aljanu ne mu mayar.

Tun bara motocin tifa suke zuwa ɗibar jar ƙasar, wai ta fi kyau a ciko. Gefen kudu ya riga ya tafi. Na yi wa wani direba magana, ya ce, "Baba, tsibin ƙasa ne fa." Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa gaya masa ko mene ne.

A Jamus akwai irin wannan kewaye a Goseck, faɗinsa kamar mita 75, shekarunsa kusan 7,000. Ya shafe sarai, sai daga jirgin sama aka hango alamarsa a gona a 1991, amma suka tono, suka gyara, yau baƙi ke zuwa kallo. Namu yana tsaye ido na ganinsa! Badalar Kano kuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara, tana da masu yi mata kuka, haka zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke kusa da mu. Ganuwar ƙauye ce marainiya.

Roƙona ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa shi ne ta turo masana su auna wurin, su rubuta shi cikin wuraren da doka ta kare. Kafin nan, ranka ya daɗe Hakimi, kalma ɗaya daga bakinka zuwa ga dagaci ta isa ta tsayar da tifa. Ni dai na yi alkawarin raka duk wanda ya zo, na san inda tsohuwar ƙofar take, kusa da kukar nan mai kogo.

Malamin firamare mai ritaya,
ƙasar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.