Zaman Asabar: Bin Ra'ayin Kai Ko Bin Ayari

Assalamu alaikum ƴan uwa makaranta, barkanmu da warhaka.

Zamanmu na wannan wata zai kasance Asabar mai zuwa, ƙarfe 8:30 bayan sallar Isha'i, ta kiran murya a nan rukuni. Za mu tattauna muhawarar da marubutan Amurka suka daɗe suna yi: mutum ya tsaya kan ra'ayinsa ko ya bi ayari.

Kowa ya karanta maƙalar marubucin Amurka Emerson ta 1841, Self-Reliance (wato Dogaro da Kai), inda yake kiran mutum ya amince da tunaninsa ko da duk gari ya saɓa masa. Sannan ku duba labarin Thoreau, shi ma marubucin Amurka, wanda ya ƙi biyan haraji saboda adawa da bautar da bayi, har ya kwana ɗaya a kurkukun garin Concord a 1846. Wani ne ya biya masa, washegari aka sake shi. Ni nan ne na fi son mu tsaya, domin mai tsayawa shi kaɗai ma sai da wani ya kawo masa ɗauki.

Kowa ya turo tambaya ɗaya kafin Juma'a. Minti uku kowa zai samu, don Allah ban da dogon sharhi. Wanda uzuri zai hana shi ya sanar tun da wuri.

Allah Ya kai mu lafiya.
Naku, mai kula da rukuni.