Wasiƙa zuwa ga 'yata: labarin Glenda Jackson da shekarun jira

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne maganar da kika yi wa mahaifiyarki ta waya a daren Talata, wadda ta kasa ɓoye mini domin na tarar da ita zaune a bakin gado tana share hawaye da gefen mayafinta. Ta ce kin je wajen tantance 'yan wasa, kin yi iya ƙoƙarinki, amma aka ce miki fuskarki ba ta jaruma ba ce, sai dai idan za ki fito a matsayin 'yar aiki ko gwaggon wata, kuma saboda haka kina shawarar ajiye karatun wasan kwaikwayo alhali kina aji uku a jami'a. Ta kuma gaya mini abin da ya fi wannan tayar mini da hankali, wato kwalbar man canza launin fata da ta gani a ƙasan jakarki lokacin da kika zo hutu, an naɗe ta cikin ɗankwali.

Kin san ni ne na fi kowa adawa da wannan fanni a ranar da kika zaɓe shi, kuma sai da kawunki ya sa baki kafin na amince. Da kin zo kin ce mini kin gane ba hanyarki ba ce, da na karɓa hannu bibbiyu. Amma ki bar abin da kika shafe shekara uku kina koya saboda hukuncin da wani ya yanke wa halittar da Allah Ya yi miki, wannan kam ba zan yi shiru a kansa ba. Shi ya sa nake so in ba ki labarin wata mata Baturiya wadda na daɗe ina bibiyar rayuwarta tun ina koyar da adabin Ingilishi a sakandare, sunanta Glenda Jackson.

An haife ta a 1936 a garin Birkenhead, tsallaken kogi daga birnin Liverpool a ƙasar Ingila. Mahaifinta birkila ne, mahaifiyarta kuma tana aikin shara da goge-goge da tsaron kanti, kuma ita ce babba a cikin 'ya'ya mata huɗu. Da ta bar makaranta ba wani abin kirki a hannunta, sai ta kama aiki a kantin sayar da magani na Boots, inda ta yi wajen shekara biyu tana tsaye a bayan kanta, da yamma kuma tana zuwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta masu sha'awa waɗanda ba a biyansu ko sisi. A 1954 ta samu tallafin karatu ta shiga makarantar RADA da ke Landan, wadda tana cikin manyan makarantun koyon wasan kwaikwayo na ƙasar. A can ne, kamar yadda ita da kanta ta sha faɗa a hirarrakinta, aka gargaɗe ta da cewa kada ta sa ran samun aiki sosai kafin ta kai shekara arba'in, domin irin fuskarta da muryarta ba na budurwar da ake so a cikin labari ba ne. Kin ga ke nan maganar da aka gaya miki ba yau aka fara gaya wa mata ita ba.

Abin da ya biyo baya shi nake so ki tsaya ki duba da kyau, domin shi ne ɓangaren da masu yabo suke tsallakewa. Ta yi shekara shida tana yawo a ƙananan gidajen wasa na garuruwan ƙasar, inda tsarin shi ne a canza wasa duk bayan mako ɗaya ko biyu, ta yadda ɗan wasa zai yi wasan wannan mako da dare a gaban 'yan kallo, da safe kuma ya zo bitar wasan mako mai zuwa, a tsakani yana haddar jawabansa. Wani lokaci ma aikin bayan labule take yi, na kula da kayan dandamali da lokacin shigar kowane ɗan wasa. A tsakiyar waɗannan shekaru aka zo wani tsayin lokaci, wajen shekara biyu da rabi, da ba ta samu aikin wasa ko ɗaya ba, sai ta koma raba abinci a shagon shayi, da aikin akawu, da amsa waya a ofis. Ina yawan tunanin wannan matar a cikin waɗannan shekaru, ta gama makaranta mai suna amma tana kwashe kofuna a kan tebur, kuma na tabbata ba ta rasa masu ce mata ta haƙura ta nemi abin yi na dindindin ba.

Ƙofar ta buɗe ne a wajajen 1964, tana dab da shekara talatin, lokacin da ta shiga kamfanin wasa na Royal Shakespeare ta yi aiki da darakta Peter Brook. A wasan Marat/Sade ta fito a matsayin wata majinyaciya a gidan masu taɓin hankali wadda aka ɗora wa kwaikwayon Charlotte Corday, matar da ta kashe ɗan juyin juya halin Faransa Marat a 1793. Wasan ya yi tashe a Landan, aka kai shi New York, kuma daga nan sunanta ya fita. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne ainihin abin da aka ce zai hana ta aiki, wato wannan murya mai kaifi da fuskar da ba ta neman a so ta. Fim ɗin Women in Love na 1969 ya ba ta kyautar Oscar ta farko, A Touch of Class na 1973 ya ba ta ta biyu, tun ba ta kai shekara arba'in ɗin da aka yanka mata ba, kuma duka biyun ba ta halarci bikin karɓar kyautar ba.

A nan dole in gaya miki gaskiya a matsayina na uba. A cikin finafinanta na wancan zamani akwai fitowar da addininmu da tarbiyyar gidanmu ba su yarda da ita ba, kuma ban kawo miki labarinta don ki bi ta a wannan ba. Al'adarsu dabam, tamu dabam, kuma iyakar da muka shata da ke a ranar da na sa hannu a takardarki tana nan daram. Abin da nake nuna miki shi ne yadda ta ɗauki sana'arta.

Ki dubi abin da ta yi a 1971, a wasan talabijin na BBC mai kashi shida a kan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603. Ta fito a matsayin sarauniyar tun tana budurwa har ta tsufa, kuma domin goshinta ya yi faɗi irin na hotunan sarauniyar, sai ta aske gashin gaban kanta. Ƙaninki ya nuna mini wani yanki na ƙarshen wasan a wayarsa, inda take zaune fuskarta fara fat da hoda, ta yamutse, idanuwan kaɗai ke motsi, kuma na kasa ɗauke ido daga kanta. Matar da take kan ganiyar shahara ta yarda ta rage kyawunta domin aikin ya inganta, ke kuma, Uwata, kina shirin ɓata lafiyar fatarki domin ki gamsar da mutumin da bai saurari yadda kike furta jawabi ba. Irin waɗannan mayuka, musamman masu sinadarin makuri, suna cinye fata, suna kuma iya taɓa ƙoda, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa ta sha yin gargaɗi a kansu. Ina roƙonki da girman Allah ki zubar da wannan kwalba.

Sauran labarinta ya fi ba ni mamaki. A 1992, tana da shekara 55, ta ajiye wasa gaba ɗaya ta tsaya takara a jam'iyyar Leba, ta ci kujerar mazaɓar Hampstead da Highgate a majalisar dokokin Birtaniya. Ta riƙe muƙamin ƙaramar ministar sufuri daga 1997 zuwa 1999 a gwamnatin Tony Blair, daga baya kuma ta zama cikin masu sukarsa a fili kan yaƙin Iraƙi, duk da cewa jam'iyyarsu ɗaya. A zaɓen 2010 da ƙuri'a 42 kacal ta tsira da kujerarta. Shekara 23 ta yi a majalisa, ba ta hau dandamali ba, har ta sauka da kanta a 2015.

Kowa ya ɗauka shi ke nan, sai ga ta a 2016, tana da shekara 80, a gidan wasa na Old Vic da ke Landan, ta fito a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, rawar da aka rubuta don namiji, a wasan da ya haura awa uku. Kin tuna labarin, domin na karanta muku shi a tsakar gida a wata damina da aka ɗauke wuta: tsohon sarkin da ya raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa mata, ya ba biyun da suka yi masa daɗin baki, ya kori autar da ta gaya masa gaskiya. Na koyar da wannan littafi shekaru da yawa, na san nauyin jawabansa, kuma na san ba a fafe gora ranar tafiya. Numfashin da tsohuwa 'yar tamanin za ta cika babban zaure da shi kowane dare, da ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wannan hadda, a waɗancan ƙananan gidajen wasa aka gina su, lokacin da babu wanda ya san sunanta. A 2018 ta ci kyautar Tony a New York, wato babbar kyautar wasan dandamali ta Amurka, sannan ta ci BAFTA, kyautar fim da talabijin ta Birtaniya, saboda fitowarta a wani fim na talabijin na 2019 a matsayin tsohuwar da mantuwa ta kama. Ta rasu a Landan ranar 15 ga Yuni, 2023, tana da shekara 87, jim kaɗan bayan ta kammala wani fim tare da ɗan wasan Birtaniya Michael Caine.

Yanzu ga shawarata. Ki koma aji ki kammala karatunki, domin shekara ɗaya da 'yan watanni ne suka rage. Rawar 'yar aiki ko ta gwaggo da aka yi miki tayi, idan labarin mai tsabta ne kuma ba zai ci karo da darussanki ba, kada ki raina ta. Ki kawo mini rubutun mu karanta tare, mu ga abin da ke cikin wannan gwaggo wanda marubucin kansa bai lura da shi ba. Ni ban manta ranar bikin raba kyaututtuka a firamarenku ba, da kika ɗaura zanen kakarki kika fito a matsayin tsohuwa mai dakan fura, kina dafa ƙugu kafin ki miƙe daidai yadda marigayiya take yi, har hedimasta ya cire tabarau yana goge ido. Kina da shekara tara a lokacin, kuma babu wanda ya koya miki wannan dafa ƙugun, kallo kawai kika yi kika riƙe.

Ki riƙa zuwa bita a kan lokaci, ki koyi aikin bayan labule da rubutun labari kamar yadda kike koyon fitowa, kuma duk wanda ya ce ki same shi ke kaɗai a wani wuri domin maganar aiki, ki ce masa mahaifinki zai raka ki. Idan aka shiga lokacin da babu aiki, ɗakinki yana nan, kuma makarantar da na yi ritaya a cikinta kullum tana neman mai koya wa yara wasan kwaikwayo.

Na saka kuɗin mota a asusunki. Ki taho ranar Juma'a bayan darasinki na ƙarshe, ki zo da rubutun, ki kuma kira mahaifiyarki yau da dare domin tun ranar Talata ba ta yi barcin kirki ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mana ke.

Ni ne mahaifinki,
Abba